Daga Ɗakin Jinya: Asirin Wa Muke Rufawa?

Makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu, amma ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga idan ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba.

Wata rana ina aikin dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wata mata ta shigo da 'yarta da ba ta wuce shekara tara ba. Ba zan faɗi asibitin ko garin ba, na kuma sauya wasu bayanai don kada a gane su. Uwar ta ce fitsari ne ke yi wa yarinyar zafi. Tun daga yadda yarinyar ke takawa, da yadda ta ƙi ɗaga kai ta dube ni, jikina ya ba ni ba wannan kaɗai ba ne. Bayan mun duba ta tare da likitan da ke bakin aiki, na ja uwar gefe na ce, "Yaya, ki gaya mini tsakani da Allah, yaushe abin nan ya faru?" Sai ta fashe da kuka. Ta ce yau kwana biyar.

Mai karatu, bari in gaya maka abin da aka yi da kwana biyar ɗin nan. Yarinya ta faɗa wa uwarta tun ranar. Uwa ta faɗa wa uba, uba ya faɗa wa wansa, suka ɗunguma zuwa wajen shugaban makarantar da yarinyar ke karatun yamma, domin wanda ya yi aika-aikar mai koyarwa ne a can. Manya suka zauna. Mutumin ya fara da rantsuwa, ya ƙare da roƙon gafara. Aka yanke cewa ya biya kuɗin magani, ya tattara kayansa ya bar garin ba tare da kowa ya ji ba. Uwa kuma aka ce ta riƙa gasa yarinyar da ruwan zafi da bagaruwa. Sai da zazzaɓi ya rufe ta sannan aka tuna da asibiti, shi ma da dare, don kada a gan su. Uwar ta riƙe hannuna tana cewa, "Malama, ki rufa mana asiri yadda Allah ya rufa miki. Idan maganar nan ta fita, wa zai aure ta?"

Ni kuwa lissafi nake yi a zuci. Maganin da ake bayarwa don kare mutum daga kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki bayan irin wannan, dole ne a fara shan sa cikin awa 72. Kwana biyar awa 120 ne. Zaman sulhun manya ya cinye wa yarinyar nan damarta. Shi kuwa mutumin, yana can wani gari, kuma babu garin da babu yara.

Da muka gama ba ta abin da ya sawwaƙa, abokiyar aikina ta daren, wadda ta girme ni, Bahaushiya ce Kirista 'yar Ɗariƙar Katolika daga wajen Malumfashi, ta ce da ni, "Ƙanwata, irin wannan sulhun na san shi. Mu ma a coci haka manya suka yi ta yi shekara da shekaru, a ɗauke Fada daga nan a kai shi can. Sai da abin ya fashe a idon duniya sannan aka zauna aka rubuta doka." Na ce, "Anti, wace irin doka?" Amsar da ta ba ni ita ta sa na shiga neman sani, kuma abin da na samo shi nake so mu duba tare yau.

Tun kafin in yi nisa, ina roƙon kada kowa ya ɗauki wannan rubutu a matsayin jifan wani addini. Ni Musulma ce, kuma labarin da na buɗe da shi a cikin gidanmu ya faru. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A watan Janairun 2002 jaridar Boston Globe ta Amurka ta fara bankaɗo yadda shugabannin cocin Katolika na birnin Boston suka daɗe da sanin cewa wasu limamansu na lalata da yara, amma maimakon su miƙa su ga hukuma, sai su riƙa sauya musu wurin aiki. Ɗaya daga cikinsu, John Geoghan, sama da mutum 130 ne suka zarge shi, cikin kimanin shekara talatin da ya yi ana yawo da shi daga wannan majami'a zuwa waccan. Kafin shekarar ta ƙare, Kadinal Bernard Law, shugaban cocin a Boston, ya ajiye muƙaminsa. A Faransa kuma, wani kwamiti mai zaman kansa da cocin da kanta ta kafa ya fitar da rahoto a watan Oktoban 2021, inda ya ƙiyasta cewa yara kusan 216,000 ne limamai da sauran masu hidimar coci na dindindin suka ci wa zarafi daga 1950 zuwa 2020. Duk inda aka bincika, hujjar shugabannin iri ɗaya ce da ta manyan da suka zauna kan maganar yarinyata: kada sunan gida ya ɓaci, kada maƙiya su samu abin faɗa, ai ya tuba.

Bayan an sha wannan ɗaci ne marigayi Fafaroma Francis ya kafa hukumar kare yara a 2014, ya tara shugabannin bishop-bishop na ƙasashen duniya a birnin Rum a watan Fabrairun 2019, sannan a watan Mayun wannan shekara ya fitar da doka mai suna Vos estis lux mundi, wadda aka sabunta aka kuma tabbatar da ita a 2023. Dokar ta hau kan kowane dayosis, wato yankin da bishop guda ke kula da majami'unsa. Ta hau kan namu na nan kusa, dayosis ɗin Katsina, wanda aka yanko daga na Sakkwato a watan Oktoban 2023, aka naɗa masa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi. Ke nan duk ɗan Katolika da ke zaune a Daura ko Zango ko Mai'aduwa yana da haƙƙin da zan lissafo.

Na farko, dole ne dayosis ya samar da ofis ko hanya sananniya, mai sauƙin kaiwa ga kowa, inda za a kai ƙorafi. An ba kowane dayosis wa'adin zuwa watan Yunin 2020 ya kafa wannan. Hikimar a fili take: mai rauni ba ya iya tunkarar babba kai tsaye, sai an yi masa ƙofa daidai tsawonsa.

Na biyu, duk Fada ko Sista da ya samu labari, ko ya ga alamar da ke da tushe, wajibi ne ya kai rahoto ba tare da jinkiri ba, in ban da abin da ya ji a wajen iƙirarin zunubi, wanda cocin ke tsarewa. Ba a bar wa mutum zaɓin ya ce ba ruwansa ba.

Na uku, an hana a muzguna wa wanda ya kai rahoto, an kuma hana a ɗora masa sharaɗin yin shiru. Wanda aka zalunta da shaidu ma ba a yarda a ɗaure musu baki ba. A watan Disambar 2019 Fafaroma ya cire irin waɗannan shari'o'i daga cikin abubuwan da ake lulluɓewa da sirrin fadarsa.

Na huɗu, wanda ya ce an cuce shi, da iyalinsa, dole a karɓe su da mutunci, a saurare su, a ba su taimakon magani da na kwantar da hankali da na ruhi.

Na biyar, bishop zai buɗe binciken farko. Yana da ikon dakatar da wanda ake zargi daga aiki ko nesanta shi da yara kafin a gama, ba tare da an ce ya yi laifi ba, domin dokar ta ce ana ɗaukar sa mara laifi har sai an tabbatar. Idan limami ne kuma yaro abin ya shafa, ba bishop ke rufe maganar a ofishinsa ba, sai ya aika da takardun zuwa fadar Batikan. Littafin jagora da fadar ta fitar a 2020 ya yi gargaɗi ƙarara cewa a guji ɗauke wanda ake zargi a kai shi wani wuri a ce an warware matsala. Hukunci kan kai ga tuɓe wa mutum rigar limanci, kamar yadda aka yi wa tsohon Kadinal Theodore McCarrick na Amurka a 2019.

Na shida, kuma wanda ya fi ɗaukar hankalina, shi kansa bishop ɗin da ya danne magana ko ya kawo wa bincike cikas, ya shiga sahun waɗanda za a bincika. Babban bishop na lardinsa ne ke jagorantar binciken bisa umarnin Batikan. A nan yankinmu, kujerar babban bishop ɗin tana Kaduna.

Dokar ba yara kaɗai ta ambata ba. Ta haɗa da manya masu rauni, ta kuma fayyace su: mara lafiya, mai naƙasa a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da wanda aka tauye wa 'yancin walwala, matuƙar halin da yake ciki ya rage masa ikon fahimta ko ikon ƙin yarda, ko da na ɗan lokaci ne. Da na ga wannan sai da gabana ya faɗi, domin marasa lafiyar da ke kwance a hannuna kullum suna cikin wannan layi.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama da matsalar. Ƙungiyoyin waɗanda aka zalunta suna kuka da cewa har yanzu bishop ne ke binciken bishop, kuma dokar ba ta tilasta kai magana ga 'yan sanda a ko'ina ba, cewa ta yi a bi dokar kowace ƙasa. Takarda kuma ba ta aiwatar da kanta. Amma dai an rubuta, kuma abin da aka rubuta talaka na iya ɗaga shi ya ce, ga abin da kuka yi alkawari. Saboda haka 'yan'uwana mabiya Katolika da ke karanta wannan fili, ku tambayi Fadan majami'arku: idan abu ya faru, wane ne ke karɓar ƙorafi, kuma ta yaya ake samun sa? Tambayar ba rashin kunya ba ce, dokar cocinku ce ta ba ku ita.

To mu dawo gida. A shekarar da aka fitar da waccan doka, 2019, mu ma asirinmu ya tonu. A ƙarshen watan Satumba 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa. Ba a yi wata guda ba sai ga shi a ƙofar gidanmu. A tsakiyar watan Oktoba waɗanda ake tsare da su a wani gidan mari a Daura suka yi bore, da yawa suka tsere, 'yan sanda suka ce sun kuɓutar da mutum 67, daga ɗan shekara 7 zuwa ɗan shekara 40. Waɗanda suka fito sun ba da labarin duka da yunwa da lalata. 'Yan kwanaki bayan nan aka buɗe wani a birnin Katsina. Shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, wanda Daura mahaifarsa ce, ya umarci 'yan sanda su rufe ire-iren waɗannan gidaje.

Mutanen Zango da Baure da Sandamu, mun san ba daga sama aka jefo waɗancan bayin Allah ba. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda taɓin hankali, wasu don ƙiriniya kawai, kuma da kyakkyawar niyya suka kai su. Abin tambaya shi ne, a duk tsawon shekarun nan, idan ɗaya daga cikinsu yana so ya ce ana cutar da shi, wa zai faɗa wa? Wanda ke riƙe da makullin shi ne malami, shi ne alƙali, shi ne kuma wanda iyaye suka fi yarda da maganarsa. Yaron da aka riga aka sa wa suna kangararre, ko ya yi rantsuwa ba mai saurarensa. Da babu ƙofar ƙorafi, sai suka fasa ƙofar gidan.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ban raina shi ba. Za su ce addininmu ya kwaɗaitar da suturta ɗan'uwa, ya kuma tsananta a kan ƙazafi. Haka ne. Amma mu tambayi malamanmu da kyau: suturar da ake nufi ta haɗa da a saki mutumin da ya cuci yarinya ya tafi inda zai cuci wata? A labarin da na ba ku, wa aka suturta? Mutumin ya tafi da mutuncinsa cikakke, makaranta ta tsira da sunanta. Yarinya ce aka bari da ciwo, da tsoro, da darasin cewa faɗin gaskiyarta bai haifar da komai ba. Batun ƙazafi kuwa, rubutaccen tsari shi ne babban gatan malamin kirki. Inda babu tsari, jita-jita ce ke yanke hukunci, kuma ita ba ta neman shaida. Inda ake rubuta ƙorafi, a duba a asibiti, a saurari kowane ɓangare, mai gaskiya na fita da hujjar da zai nuna.

Don haka ga abin da nake ganin kowace Islamiyya, tsangaya, makarantar boko, gidan marayu, ajin yara na ranar Lahadi, har da asibitocinmu, za su iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. A zaɓi mutum biyu masu amana, ɗaya mace, waɗanda ba dangin shugaban wurin ba ne kuma ba a hannunsa suke karɓar albashi ba, a sanar da yara da iyaye sunayensu a bainar jama'a. Duk ƙorafin da ya zo a rubuta shi da kwanan wata. Wanda aka ambata a janye shi daga cikin yara har a gama bincike, a kuma bayyana wa kowa tun yau cewa haka tsarin yake ga kowa, don kada ranar da abin ya faɗo a ce an ci mutuncin wani. Kada a sa uwa ko yaro rantsuwar yin shiru. Kada a sallami mutum a ɓoye da sunan ya koma garinsu. Shugaban da ya danne magana kuwa, kwamitin iyaye ya tuhume shi.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai da hakimai, Allah ya ƙara muku lafiya. Sulhunku ya kashe wutar rigimar gona da bashi da aure da ba ta ƙirguwa, kuma muna alfahari da shi. Amma fyaɗe babban laifi ne a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa baki ɗaya, ya fi ƙarfin zaure. Idan aka kawo muku, taimakon da ya fi shi ne ku sa a kai yaro asibiti a ranar, ku kuma tsaya wa iyayen su kai magana ga hukuma. Talaka na tsoron ofishin 'yan sanda, amma idan ya san mai gari na bayansa, ƙafarsa za ta yi ƙarfi.

Yanzu bari in sa farar rigata in yi magana da ke, uwa. Idan ɗanki ko 'yarki ta zo miki da irin wannan magana, ki danne zuciyarki. Kada ki daka mata tsawa, kada ki ce me ya kai ki. Ki ce mata ta kyauta da ta faɗa, kuma ba laifinta ba ne. Kada ki yi mata wanka ko gashi tukuna, kada ki wanke kayan da ke jikinta. Ki naɗe su a takarda ko tsumma mai tsabta, ban da leda, domin leda na riƙe danshi ta ɓata shaida. Ki nufi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ana fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Idan yarinya ta fara al'ada, akwai maganin hana ɗaukar ciki da ke aiki cikin kwana biyar, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninsa. Akwai allurar kariya daga ciwon hanta, da maganin sauran cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya. Ko kwanakin sun wuce, ki zo, akwai sauran abin da za mu yi. Ki nemi a rubuta abin da aka gani, domin takardar likita ita ce ke tsayawa a kotu. Bayan 'yan sanda, ana kai kuka ga ma'aikatar harkokin mata, da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa, da hukumar NAPTIP.

Kuma ki sani 'ya'ya maza ma ana yi musu, su ne ma suka fi ɓoyewa. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ko ya tsiri ƙin zuwa makarantar da a da yake so, ko yake firgita idan an ambaci wani mutum, ki zaunar da shi cikin lallami kafin ki ɗauki bulala. Haka 'yar aikin da ke gidanki, da almajirin da ke yi miki wanke-wanke, da kurma ko mai taɓin hankalin da ke unguwarku. Su ne masu cin zali suka fi hari, don sun san ba mai jin ta bakinsu.

Na san za ku so jin ƙarshen labarin yarinyar. Ta dawo gwaji bayan wata uku, Allah ya tsare ta, ba ta kamu da komai ba. Amma akwai abin da ban faɗa muku ba. A daren nan na rubuta abin da na gani a katinta, na sanar da na gaba da ni. Da uban ya ce ba ya son maganar 'yan sanda, sai na ja bakina na yi shiru. Ban ko tambayi garin da mutumin ya koma ba. Na ce wa kaina aikina magani ne. Har yau idan aka kawo mini yarinya mai irin shekarunta, sai na tuna cewa a cikin waɗanda suka rufa wa mutumin nan asiri har da ni. Allah ya yafe mini, ya kuma tsare yaran garin da ya sauka.

Aikin da zan ba mu a wannan mako ƙarami ne. Duk mai ɗa a makaranta, ya je ya gaishe da shugabanta cikin girmamawa, ya tambaye shi: Malam, idan yaro yana da ƙorafi a kan babba a makarantar nan, wajen wa zai je? Ku dawo ku gaya mana amsar da kuka samu. Roƙona ɗaya, kada wanda ya rubuta sunan yaro, ko na malami, ko na makaranta. Irin wannan wajen hukuma ake kai shi.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu koma kan zazzaɓin masu juna biyu. Allah ya raya mana zuri'a, ya kare su daga sharrin na nesa da na kusa.